Yadda Ake Tantance Wanda Za a Damƙa wa Amanar Yara a Makaranta

Kafin mai makaranta, ta boko ce ko Islamiyya, ya ɗauki malami, direba, mai gadi ko mai dafa abinci, abu na farko shi ne ya tabbatar da ko wane ne mutumin. A nemi lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, da katin shaida mai hoto, a gwada sunan da wanda ke kan takardunsa na karatu. In malamin boko ne, ya kawo shaidar rajistarsa da hukumar rajistar malamai ta Najeriya, wato TRCN.

Daga nan a buƙaci takardar shaidar hali ta 'yan sanda, wadda ake bayarwa bayan an ɗauki zanen yatsun mutum, sannan a duba rajistar masu laifin fyaɗe da lalata da hukumar yaƙi da fataucin mutane, wato NAPTIP, ke kula da ita tun Nuwambar 2019. Amma kada a saki jiki da takardu, domin wanda magana ta kai shi gaban hukuma kaɗai suke nunawa, alhali a wurinmu sau da yawa manya ne ke zama su kashe maganar don a rufa asiri, mutumin kuma ya koma wata unguwa ya nemi aiki kamar ba a yi komai ba.

Saboda haka nauyin binciken yana kan wurin da ya bari. Kada a dogara da wasiƙar yabo ko lambar wayar da shi ya bayar. Mai makaranta ya taka da ƙafarsa, ya ga shugaban wurin ido da ido, ya tambaye shi dalilin barin aikin, kuma ko za su sake ba shi aji idan ya dawo. Bahaushe ba ya son tona asirin wani, don haka a lura da yadda amsar ta fito. Idan mutum ya yi shiru, ya kau da kai, ya ce Allah dai ya kyauta, to ya faɗi abin da zai faɗa. Shaidar mai unguwa da liman tana da amfani, sai dai yawanci gaisuwarsa da zuwansa masallaci suka sani, matan maƙwabta kuwa sun fi sanin yadda yake da yara. A kuma tambayi mai neman aikin shekarun da takardunsa ba su nuna inda yake ba.

Inda aka fi yin sakaci shi ne wajen masu aikin sa kai da wanda wani babba ya kawo, saboda ana jin nauyin bincikar ɗan gida. Ƙanen mai makaranta da babban ɗalibin da ke karɓar hadda su ma su bi wannan hanya, bayan kowa ya sa hannu cewa ya amince a bincike shi, bayanansa kuma a kulle su inda shugaba kaɗai ke da makulli.

Wanda aka ɗauka ya yi zango ɗaya na gwaji, da sharaɗi a rubuce cewa ba zai keɓe da yaro a rufaffen ɗaki ba, ba zai kira ɗaliba gidansa ba, kuma ba zai yi hira da yara a waya ba tare da sanin iyayensu ba.