Yadda Ake Daidaita RAM da Ƙarfin Wutarta a Sabuwar Kwamfutar Tebur

Ka gama haɗa kwamfuta, ta tashi, Windows ya hau, komai kamar lafiya lau. Bayan 'yan kwanaki sai wasa ya riƙa rufe kansa, ko shuɗin allo ya fito da rubutun MEMORY_MANAGEMENT, ko fayil ɗin da ka matse ya ƙi buɗuwa wai ya lalace. A sabon haɗi, RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ita ce ta farko da za a tuhuma, kuma galibi sandunanta lafiyarsu ƙalau. Gudun da aka ɗora musu ne ya fi ƙarfin haɗin.

Lambar gudun da ke jikin kwalin RAM, 3600 ko 6000, ba ita ce RAM ke tashi da ita ba. Ƙungiyar JEDEC ce ke tsara ƙa'idar asali: RAM nau'in DDR4 kan tashi a 2133 ko 2400 da wuta 1.2V, DDR5 kuma a 4800 da 1.1V. Abin da ke kai ta gudun kwali shi ne saitin XMP na Intel, wanda wasu madabod ɗin ASUS ke kira DOCP, ko EXPO da AMD ta fito da shi a 2022. Wannan saiti tura na'ura ne sama da ƙa'idarta. Mai sarrafa RAM ɗin yana cikin furosesa, kuma furosesa biyu masu suna ɗaya ba lallai ƙarfin mai sarrafawarsu ya zo ɗaya ba. Shi ya sa saitin da ya zauna wa wani yake iya ƙin zama maka.

Fara da hannu, kafin BIOS, wato manhajar saitin madabod da ake shiga kafin Windows ya tashi. Idan sanduna biyu ne a madabod mai gurbi huɗu, sa su a A2 da B2, wato gurbi na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga furosesa, sai dai in littafin madabod ɗin ya faɗi wani abu daban. Danna kowace har ƙugiyar ta kama ta yi ƙas. Kada ka gauraya fakiti biyu ko da lambarsu ɗaya ce, don kamfani na iya canza ƙwayoyin ciki ba tare da ya canza suna ba. Sanduna huɗu kuwa nauyi ne babba ga mai sarrafawa: AMD da kanta 5200 ta lamunce wa furosesoshinta na Ryzen 7000 da sanduna biyu, amma da huɗu 3600 kawai.

Sabunta BIOS. Wannan ba abin tsallakewa ba ne. A 2023 an samu furosesoshin Ryzen 7000X3D da suka ƙone a gurbinsu, kuma wutar SoC, wato wadda ke zuwa sashen furosesa mai sarrafa RAM, da ta yi yawa tana cikin dalilan, har AMD ta sa aka kulle ta a 1.3V ta hanyar sabon BIOS. Ban da tsaro, sababbin BIOS kan gyara yadda madabod ke mu'amala da RAM, matsalar da kake shirin kwana a kanta ma tana iya tafiya daga nan.

Gwada a gudun asali tukuna. Bar XMP a kashe, ɗora manhajar gwajin RAM ta MemTest86 a filasha, tayar da kwamfutar daga gare ta, ka bar shi ya gama zagaye huɗu. Idan kuskure ya fito a nan, babu ruwan ƙarfin wuta. Cire sanda ɗaya ka gwada ɗayar ita kaɗai, sannan ka musanya. Wadda ta ba da kuskure a kowane gurbi ta lalace, a mayar da fakitin gaba ɗaya. Idan kuwa kuskuren gurbi yake bi ba sanda ba, duba ko an ɗaure mai sanyaya furosesa fiye da kima, ko wata allura ta lanƙwashe a gurbin furosesan.

Yanzu kunna XMP ko EXPO, ka adana, ka yi haƙuri. A tashin farko madabod na horar da RAM, wato yana daidaita kansa da sabon gudun, kuma da DDR5 allon na iya zama baƙi na 'yan mintuna. Mutane da yawa a nan suke kashe wuta su ɗauka wani abu ya mutu. In ta shiga Windows, buɗe manhajar CPU-Z ka duba gudun RAM: rabin lambar za ka gani, 3000 a maimakon 6000, kuma daidai ne, don DDR sau biyu take aika bayanai a kowane bugu. Sai ka buɗe manhajar HWiNFO64 ka rubuta a takarda duk ƙarfin wutar da madabod ya zaɓa da kansa. Za ka buƙace su.

Gwaji na gaske. MemTest86 ya iya kama sanda mai lahani, amma saiti mai ɗan rauni kan kuɓuce masa. A cikin Windows yi amfani da TestMem5 ko gwajin RAM na OCCT na awanni, sannan y-cruncher ko Prime95 don su matsa wa mai sarrafawa. Abin da na fi so a kula da shi shi ne zafi. Ƙwayoyin RAM cajin lantarki suke riƙewa, kuma da sun ɗau zafi cajin na saurin tsiyayewa. Kwamfutar da ta ci gwaji a buɗe tana iya faɗuwa in an rufe akwatin, katin hoto na hura wa sandunan iska mai zafi. Don haka rufe akwatin, ka kunna wani abu mai wahalar da katin hoto a lokacin gwajin. Bayan nan leƙa Event Viewer, inda Windows ke ajiye rahotanninsa, ka nemi saƙonnin kuskuren na'ura masu suna WHEA-Logger. Adadin kuskuren da za a yarda da shi sifili ne. Guda ɗaya a awa uku yana nufin wata rana zai faɗa kan fayil ɗin da kake ji da shi.

Idan kuskure ya fito, abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka sake gwaji, ka rubuta sakamako. Wanda ya taɓa saiti uku a tare ba zai san wanne ya yi magani ba, wanne ya ƙara ciwo.

Fara da iska. Idan sandunan na haura digiri 50, juya musu fanka ka sake gwadawa, sau da yawa shi ke nan.

Sai wutar RAM ɗin kanta. Tabbatar madabod na ba da abin da kwali ya ce, 1.35V a yawancin DDR4 masu XMP, ka rubuta shi da hannunka maimakon Auto. In bai isa ba, ƙara 0.01V ko 0.02V a kowane mataki. A DDR5 biyu ne, VDD da VDDQ, kuma akan ɗaga su tare. Ni shawarata, ga kwamfutar aikin yau da kullum, a tsaya a 1.40V. Ƙarin wuta ƙarin zafi ne, kuma akwai ƙwayoyi, irin Samsung C-die na DDR4, da suke ƙara rikicewa in an haura musu 1.35V.

Wutar mai sarrafawa ta fi wannan haɗari, don furosesa take shiga kai tsaye. A AM4, tsohon gurbin furosesan AMD, SoC tsakanin 1.05V da 1.10V ya ishi yawancin haɗi, kada a wuce 1.2V. A AM5, gurbin AMD da ya biyo bayansa, gwada 1.20V zuwa 1.25V, iyaka 1.30V. A Intel sunanta VCCSA, kuma wasu madabod na zuba mata fiye da buƙata da zarar an kunna XMP. A nan ne takardar da ka rubuta ɗazu za ta yi amfani: in ka ga Auto ya kai ta sama sosai, gwada saukewa. Mai sarrafawa yana da wurin da yake jin daɗi, ƙasa da shi kuskure, sama da shi ma kuskure.

Idan ka yi matakai biyu ko uku abin bai zauna ba, daina bin wuta, rage gudu. Sauko daga 6400 zuwa 6000, ko daga 3600 zuwa 3466 ko 3200, ka bar sauran saitin XMP yadda yake. A Ryzen 7000, 6000 ne ma inda agogon mai sarrafawa ya fi sauƙin tafiya kafaɗa da kafaɗa da na RAM. Bambancin ɗari biyu ko ɗari huɗu da wuya ka ji shi a aiki, furosesan da wuta ta gajiyar kuwa ba ya dawowa.

Wani canjin zai hana kwamfutar tashi gaba ɗaya. Kada hankalinka ya tashi: zare wayar wuta, ka haɗa alluran CLR_CMOS biyu da ke kan madabod da bakin sukudireba na 'yan daƙiƙu, ko ka cire batirin CR2032 na 'yan mintuna, BIOS zai koma saitin asali.

Da zarar ka samu saitin da ya ci duk gwaje-gwajen, adana shi da suna a cikin BIOS, ka kuma ɗauki hotonsa, don sabunta BIOS kan share shi. Sannan buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa ka rubuta sfc /scannow, don ya duba fayilolin Windows ya gyara waɗanda suka lalace. Idan a kan RAM mai kuskure aka ɗora Windows tun farko, gara a sake ɗora shi daga tushe.