Jan tirela da ɗaukar lodi da UTV ba tare da ta kife da kai ba

UTV, wato 'yar motar nan ta gona da daji irin su Polaris Ranger ko Kawasaki Mule, injinta zai iya jan kayan da birkinta ba zai iya tsayarwa ba, kuma yawancin ƙananan tirelolin da ake ɗaura mata ba su da birkin kansu. Toh kafin ka yi lodi ka fara tunanin yadda za ka tsaya.

Buɗe littafin motar ka duba lambobi. Manyan UTV suna jan kusan kilo 1,100, bodin baya kuma ya ɗauki kamar kilo 450, ƙanana ba su kai haka ba. Kuma kar ka manta kai kanka kaya ne, da kai da wanda ke zaune gefenka da nauyin da bakin tirela ya ɗora wa motar duk a lissafi ɗaya suke.

Wajen lodi, masu nauyi a ƙasa, a tsakiya, ka matso da su kusa da bayan kujera sannan ka ɗaure tamau. A tirela kuma kusan kashi 60 na kayan su zauna gaban tayoyi, yadda kamar kashi 10 na nauyin zai sauka a kan mahaɗin, wato ƙarfen da ke haɗa tirela da motar, in ka tara su a baya za ka ga tana wutsil-wutsil tana jan motar hagu da dama, in kuma ka cika gaba da yawa tayoyin gaban motar su yi sakayau sitiyari ya daina jin magana. Tankin ruwa ya fi komai mugunta, lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma in rabi ne ruwan yana tambal-tambal a ciki, a kwana sai ya tura ka gefe.

Tirela a mahaɗinta kawai ake ɗaure ta, ba a jikin ƙarfen rufi ko bamba ba. Sa fil ɗin mahaɗin, ka gicciya sarƙoƙin tirelar biyu ta ƙasansa.

Giya kuma low, ko hanya ta yi kyau. Yawancin UTV giyarsu da bel take aiki, in ka ja nauyi a high bel ɗin zai yi zafi ya ƙone, sai dai ka ji ƙauri. Kar ka wuce kilomita 16 a awa. Gangare ka sauko shi a miƙe a hankali, kar ka ratsa shi a kaikaice. Sa hular kwano, ɗaura bel ɗin kujera, kuma dan Allah kar ka ɗora yara a bodi ko cikin tirela.