Zaɓen Sa Na Turka: Gadon Jini Da Ciwon Huhu

Mai turka yana duba tozo da cinya, ya manta da huhu, alhali san da ya yi ciwon huhu ko ya warke ba ya cika kamar 'yan uwansa, sai ya yi ta cin dusa a banza.

Saurin girma da faɗin jiki suna bin jini sosai. Juriyar ciwon numfashi ma ana gadonta, amma kaɗan ƙwarai. Kulawa ce ke ɗauke da mafi yawa. Kada dillali ya ce maka Bokolo ko Bunaji "ba ya tari". Kowane iri yana kamuwa.

A kasuwa, ko ta Mararrabar Liman Katagum da ke jihar Bauchi ce, sa a zagaya da san da ɗan sauri, sannan ka tsaya ka saurara. Wanda ya yi tari, ya miƙe wuya, ya ware ƙafafun gaba yana nishi, bar shi komai araha. Nemi mai faɗin ƙirji, dogon gadon baya, hanci mai danshi ba majina. Auna zagayen ƙirji daga bayan ƙafafun gaba da tef, ka rubuta, ka riƙa sake aunawa duk mako biyu.

Makonni ukun farko su ne masu haɗari, saboda gajiyar mota, ƙishirwa da cuɗanya da baƙin shanu suna raunana jiki. Killace sabon sa shi kaɗai har kwana 21. Fara da ruwa da harawa, dusa da kowar wake su shigo a hankali. A yayyafa wa busasshen abinci ruwa, musamman da hunturu, kuma rumfa ta sha iska. Wanda ya ƙi ci ko ya sunkuyar da kai, auna zafinsa ta dubura: in ya kai digiri 40, kira likitan dabbobi. Allurar magani da aka yi ba tare da likita ba tana iya ɓoye ciwon huhu mai yaɗuwa, san ya ci gaba da ɗauke da ƙwayar. Rigakafin wannan ciwo na cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, jihar Filato ne, ana yin sa duk shekara.

Mai garken haihuwa ya rubuta uban kowane maraƙi da yawan jinyarsa. Bijimin da 'ya'yansa ke yawan tari a sauya shi, amma a fara tabbatarwa maruƙan sun sha dakashi cikin awa shida na farko.