Yadda ake haɗa shinkafar sushi irin ta ƙananan gidajen abinci a Japan

A ƙananan shagunan unguwa na Tokyo ko Osaka, inda ake cin sushi, wato shinkafa mai ɗan tsami da ake haɗawa da kifi ko kayan lambu, da miyar miso ta waken suya a farashi mai sauƙi, masu dafawa sun fi ba shinkafar muhimmanci a kan kifin. Sunanta shari. In ta lalace, kifi mai tsada ba ya gyara ta.

A nemi gajeriyar shinkafar Japan, irin su Koshihikari. Doguwar da aka turara, mai yin wara-wara, ba za ta kama jikinta ba. A auna giram 450, wato gwangwani uku na ma'aunin Japanawa mai cin mililita 180. A wanke sau uku ko huɗu har ruwan ya kusa washewa, a jiƙa minti 30, a tsane. Ruwan dafuwa gwangwani uku, daidai da yawan shinkafar, kada a ƙara, domin ruwan khal, wato vinegar, na zuwa daga baya. In ta tafasa a rage wuta sosai minti 12, a kashe, a bar ta a rufe minti 10. Ban da leƙe.

Kafin nan a haɗa ruwan khal na shinkafa babban cokali 4, sukari babban cokali 2 da gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi. A ɗumama har su narke kawai. In ya tafasa, tsamin ya gudu.

Nan ne aka fi yin ɓarna. A juye shinkafar da zafinta a faffadan akushin katako da aka jiƙa, wanda suke kira hangiri, saboda katako yana tsotse rarar ruwa. A yaryaɗa haɗin, sai a riƙa ratsa ta da gefen cokalin katako kamar ana yanka, ana juyawa a hankali. Wanda ya tuƙa ta kamar tuwo zai farfasa ƙwayar, ta caɓe ta yi danƙo. Ana yi wani na fifita da mafici, abin da ke sa ta sheƙi ke nan. In ta huce zuwa ɗumin jiki a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Kada ta shiga firji, sanyi yana taurara ta.

Don naɗi, a ɗora rabin fallen nori, wato busasshiyar ciyawar teku, a kan 'yar tabarmar gora, gefe mai sheƙi yana ƙasa. A jiƙa hannu da ruwa mai ɗan khal, a shimfiɗa shinkafa kamar giram 80, a bar santimita ɗaya a baki, a jera kokwamba a tsakiya, a naɗe. A yanka gida shida da jiƙaƙƙiyar wuƙa mai kaifi. In naɗin ya fashe, shinkafar ce ta yi yawa.

Mai koyo ya fara da kokwamba, ƙwai ko dafaffen kifi. Ɗanyen kifin teku yana iya ɗauke da tsutsar anisakis, kuma khal, gishiri da wasabi, yajin da ake ci da sushi, ba sa kashe ta; sai dafuwa, ko daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius na aƙalla awa 24. Kifin kogi da na tafki kuwa, irin su tarwaɗa da karfasa, ba a sa shi ɗanye ko kaɗan.