Kurakuran da Ake Yi Wajen Sayen Babbar Mota a Maradi da Hanyar Kauce Musu

Wanda ya saba leƙa garejojin Maradi ya san su: manyan motoci masu tsada a jingine gefe guda, ƙura ta rufe gilashi, iska ta fice daga tayu. Ba hatsari suka yi ba. Akasarinsu wata ƴar na'ura ake jira daga Kano ko Legas ko Dubai, mai motar kuma ya koma kan tsohuwar Corolla da ya so ya rabu da ita. In ka bi diddigin irin waɗannan motoci za ka tarar ba a gareji matsalarsu ta fara ba, tun ranar ciniki ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya auna mota da kuɗin da ke hannunsa ranar saye. Yana da miliyan 20, sai ya nemi motar miliyan 20 cif, har ya ciyo ɗan bashi ya cika la'adar dillali. Alhali sayen doki ba shi ne wahala ba, harawa ce. Kafin motar ta yi wata guda akwai kart giriz, wato takardar mallakar mota, da asiransi, da harajin shekara, ga juyen baƙin mai da canjin filtoci, don ba ka san lokacin da mai ita na farko ya yi na ƙarshe ba. Sau da yawa sai an canza batir da tayu huɗu, kuma tayar babbar mota ba ta san arha ba. In motar ba ta biya dwan ba, wannan wani babi ne mai zaman kansa, kuma shi ya kamata ka fara tambaya kafin ka ce "sallama". A ganina, wanda zai sayi irin wannan mota ta hannu ya ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa ya ajiye, ya yi ciniki da sauran. In sauran bai kai motar da yake so ba, to motar ba tasa ba ce tukuna.

Ga ɗan kasuwa akwai ƙarin magana. Daga riba ake sayen mota, ba daga jari ba. Buhun wake ko na aya da ka ajiye a sito yana iya ƙara daraja kafin bazara, mota kuwa tun ranar da ta shigo gida take raguwa. Alhazai nawa ne suka tsinci kansu da mota mai walƙiya a ƙofar gida, kaka ta yi, ba kuɗin sayen kaya?

Sai mai. Mutane da yawa har yanzu suna lissafi da zamanin da ruwa-ruwa, wato man sumoga daga Najeriya, ke da arha a kowace kwana ta gari. Wancan zamani ya wuce tun watan Mayu na 2023 da Najeriya ta cire tallafin man fetur, kuma ƙarancin man da aka yi a farkon 2025 ya nuna cewa matatar SORAZ ta Damagaram ita kaɗai ba ta ɗauke buƙatar ƙasa duka. Ɗauki biro ka yi lissafi. Lexus LX 570 injinta lita 5.7 ne mai silinda takwas. A cikin gari tana iya shan lita 18 zuwa 20 a kowane kilomita 100, a doguwar hanya kuma wajen 14. Daga Maradi zuwa Yamai kusan kilomita 650 ne. Zuwa da dawowa ke nan ya haura lita 180, wato sama da jaka 90 a farashin sefa 499 da gwamnati ta tsayar wa litar esansi a 2024. Lexus ES 350, wadda ita ma ba a raina ta a ko'ina, tana yin wannan tafiya da abin da bai wuce jaka 50 da ɗoriya ba. In sau biyu kake zuwa Yamai a wata, ka ninka bambancin da kanka. Kuma ka buɗe murfin tanki ka karanta abin da aka rubuta: motocin Jamus da yawa, musamman masu turbo, esansi mai lamba 95 suke so. Man kwalba da ya kwana cikin jarka da ƙura da ɗigon ruwa yana toshe allurar feshin mai, gyaranta kuma ba na jaka biyar ba ne.

Kuskure na gaba ya shafi hanya, kuma ta fuska biyu ake yinsa. Wani zai sayi doguwar Marsandi mai jan ciki, alhali kowane mako sai ya je gona ko garke a ƙauyukan Dakwaro ko Mayahi, inda kwalta ke ƙarewa yashi ya karɓa. Irin wannan mota tsakanin cikinta da ƙasa bai fi santimita 13 ko 14 ba. Land Cruiser tana da sama da 22. Ko a cikin gari, in ruwan Agusta ya sauka unguwannin da ke gangare wajen Gulbi suka cika, mota mai ƙasa-ƙasa tana iya zuƙar ruwa ta bututun iska, kuma injin da ya sha ruwa yana gudu sau da yawa ba ya tashi sai an sauke shi. Wani kuma akasin haka yake yi: daga Ali Ɗan Sofo zuwa Babbar Kasuwa, daga kasuwa zuwa masallaci, nan ne iyakar tafiyarsa, amma ya ɗauko V8 yana kutsawa da ita tsakanin ƴan adaidaita da ƴan kabu-kabu, yana biyan kuɗin man sahara a kan titin gari. Gyaran abin ba wuya. Kafin ka je wurin dillali, zauna ka tuna inda ka je da mota a watanni shida da suka wuce, ba inda kake mafarkin zuwa ba. In kaso mafi yawa kwalta ne, Tasawa, Damagaram, Konni, Katsina, salun mai kyau ko Lexus RX ta ishe ka. In jar ƙasa da yashi suka fi yawa, ka dubi Prado ko Lexus GX ko Land Cruiser.

A nan akwai tarko biyu da ba a cika lura da su ba. Ba kowace mota mai tudu ke jan ƙafa huɗu ba. Akwai RX 350 da yawa da ƙafafun gaba kawai ke ja, a ido kuma ba ka bambanta su. Ka tambaya, ka sa makanike ya leƙa ƙasa ya tabbatar. Na biyu shi ne manyan wili masu inci 21 ko 22 da siririyar taya. Suna da kyau a hoto, amma rami ɗaya a hanyar Ɗan Isa ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa wilin. Inci 17 ko 18 da taya mai kauri ya fi dacewa da hanyoyinmu, ya fi taushi, ya fi sauƙin samu. Ka duba bayan motar ma: BMW da yawa ba sa zuwa da safaya sam, don an yi su da tayar da ke iya ɗan tafiya bayan ta fashe, da tunanin akwai shago a gaba kaɗan. Tsakanin Gidan Rumji da Madawa wane shago?

Yanzu ga inda na fi son a tsaya. Mutum zai tambayi abokai, ya tambayi dillali, ya kalli bidiyo a waya, amma ba zai tambayi mutum biyun da za su zauna da motar ba: makanikensa da mai sayar da kayan gyara. Tun kafin ka biya ko dala, je ka same su. Ka ce wa makanike, "Malam, in na kawo maka wannan, kana da kwamfutar da za ta karanta ta? Ka taɓa buɗe irinta?" Ka ce wa mai kaya ya faɗa maka kuɗin fitilar gaba ɗaya, da shokozoba, da gilashin gaba, da famfon ruwa, da kwana nawa za su yi kafin su iso. In ya ce akwai a shago ko gobe za a ɗauko a Ƙofar Ruwa ta Kano, madalla. In ya ce sai an yi oda daga Turai, ka san abin da kake shirin shiga.

Wannan ne ya sa Lexus ta samu karɓuwa a ƙasar Hausa. Toyota ce ta kafa ta a 1989, kuma a ƙarƙashin fata da katakon ado dangin juna ne: ES da Camry, GX da Prado, LX da Land Cruiser. Injin lita 3.5 da ke cikin RX 350 ta kafin 2023 shi ne a Camry mai silinda shida da Highlander, don haka makanikan gari sun san shi. Ba wai motocin Jamus ko na Ingila ba su da kyau ba ne. A kan kwalta mai santsi samun kamarsu sai an tona. Amma dattawan da ke yabon Marsandi suna tuna 190 da 200 na da ne, waɗanda ƙarfe ya fi waya yawa a cikinsu. Ta yanzu kwamfutoci ne birjik, kowace tana magana da ƴar uwarta, ɗaya ta ruɗe sauran su ɗauka. Range Rover da manyan Marsandi da yawa kuma a kan jakunkunan iska suke zaune maimakon sifirin na ƙarfe. Roba ce, in ta tsufa zafi da ƙura suka ci ta sai ta fara yoyo, ka wayi gari motar ta durƙusa. Mai son irinsu ya saya, amma ya sayi wadda ba ta tsufa ba, ya kuma tanadi wata motar ta fita. Mafi hatsari ita ce wadda ta shekara 12 ko 15 aka karyar da kuɗinta: kuɗin sayenta ne ya sauko, na kayan gyaranta yana nan inda yake tun tana sabuwa.

Masu son gazuwal su ƙara lura. Motocin gazuwal da aka yi wa kasuwar Turai daga wajen 2015 suna da matatar hayaƙi a salansa, da yawansu kuma suna da wani tanki na ruwan AdBlue, mai rage gubar hayaƙi. Matatar tana toshewa in gajerun tafiye-tafiye kawai ake yi a gari, ko in gazuwal ɗin ba mai tsabta ba ne. Ruwan AdBlue kuwa in ya ƙare, motar tana ƙin tashi bayan ka kashe ta. Wadda aka yi wa ƙasashen Larabawa ko Afirka ta fi dacewa da mu, lagireto da na'urar sanyinta ma an yi su ne da tunanin zafi.

Sai tarihin motar. Fenti mai sheƙi ba shaida ba ne. Da yawa daga motocin Amurka da ke isowa ta Kwatano da Lome an saye su ne a gwanjon motocin hatsari ko na ambaliya, aka gyara. Ba laifi ba ne in an faɗa maka kuma farashi ya nuna. Laifin shi ne ka biya kuɗin lafiyayya. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. In ƴar Amurka ce, sa yaro ya buga lambar a intanet, sau da yawa hotunanta na ranar gwanjo suna fitowa, ko ka biya kaɗan a ciro rahoton Carfax, kamfanin da ke ajiye tarihin motocin Amurka. Ka tuna kuma agogonta mil yake ƙirgawa: 100,000 a can ya haura kilomita 160,000. Agogo ma ana mayar da shi baya, shi ya sa ake duban sitiyari da robar birki da kujerar direba, su ba sa ƙarya. Ɗaga kafet ka sunsuna, ka dubi ƙarfen da kujera ke gudu a kai. Tsatsa ko busasshen laka a wurin alamar ruwa ne. Wadda ta fito daga ƙasashen ƙanƙara kamar Kanada, leƙa cikinta, don gishirin da suke zubawa a titi yana cin ƙarfe. In ka murɗa makulli, fitilun gargaɗi duka su kama sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe ta ne da gangan. Ka zo da sassafe ka tada injin yana sanyi, ka dawo da azahar ka gwada na'urar sanyi motar na tsaye a rana. A Maradi, inda Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, wannan gwaji ba wasa ba ne. Kuma makaniken da zai duba ya zama naka, kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya kira ba.

Sayen mota ta hoton WhatsApp tun tana tashar jirgin ruwa ya ƙara zama kasada tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗi da jira sun ƙaru. In dole sai ka yi oda, a rubuta wanda zai ɗauki asara in ta iso da lahani.

Ta Katsina ko Kano kuwa, faɗuwar naira tana sa farashi ya yi daɗin ji in aka juya shi zuwa sefa. Sai dai dwan da aka biya a Najeriya na Najeriya ne. In za ka sa mata lambar Nijar sai ka biya namu, don haka ka je ofishin dwan da shekarar motar da girman injinta ka ji adadin tun kafin ciniki. Lambar shasi da ke jikin mota ta yi daidai da ta kowace takarda, harafi da harafi. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a kai wa ƴan sanda su tabbatar ba ta sata ba ce. Mai sayarwar da ya ce "takardu suna tafe" ya jira kuɗinsa su ma suna tafe.

In motar ta shigo gida, kada ka bari a cire mata tamostat, ƴar na'urar da ke daidaita zafin inji, da sunan wai ƙasarmu da zafi. Injin zamani an auna shi ne ya yi aiki a wani zafi na musamman, cire shi yana ƙara shan mai. Ruwan rijiya ba ya shiga lagireto, akwai ruwansa na musamman. Baƙin mai a zuba mai lambar da littafin motar ya faɗa, ba wanda ya fi arha a bakin tasha ba. Da hunturu kuma, in hazo ya sauka, a riƙa buɗe filtar iska kowane mako biyu, in ta toshe a canza ta, kada a tsaya bugunta a jikin taya.