An gama aikin birki amma fedal ya yi laushi, ga inda za ka duba a tsohuwar mota

Babu abin da ke ɓata rai kamar ka wuni a ƙarƙashin tsohuwar motarka, ka canza fad, ka canza roba, ka zuba sabon man birki, ka sauke ta daga jak, kana taka birki kawai ka ji kamar ka taka soso. Yawanci mutane sai su ce ai iska ce, su koma bilidin, wato fitar da iska daga layin birki, su yi sau uku sau huɗu har mai ya ƙare, fedal ɗin na nan yadda yake. Ni dai shawarata kafin ka sake kwance nipul ko ɗaya, wato ɗan notin da ake buɗewa a fitar da iska, zauna a kujera ka saurari abin da ƙafarka ke gaya maka, don laushin ba iri ɗaya ba ne.

Kashe injin, ka taka birki sau biyar ko shida don ƙarfin sabo (servo, tukunyar da ke taimaka wa ƙafa wajen danna birki) ya ƙare, sannan ka danne ka riƙe kamar rabin minti. In fedal ɗin yana ta sauka a hankali har ƙasa alhali ƙarfin ƙafarka bai canza ba, to mai na gudu ne, ko yana yoyo a waje ko yana zagayewa a cikin masta, wato famfon da fedal ke dannawa ya tura mai zuwa tayoyi. In kuwa yana lotsawa yana dawowa kamar katifa, wannan iska ce ko tiyo. In kuma sai ya yi nisa kafin ya kama amma da ya kama ya yi tauri, kuma in ka yi famfo sau biyu yana tasowa sama, to wannan yawanci saiti ne, ko ka kwana kana bilidin ba zai gyaru ba.

Bari in fara da na ƙarshen don shi aka fi mantawa. Tsofaffin motoci da yawa diram ne a baya, wasu ma duka tayoyi huɗu, kuma wasunsu da hannu ake saita shu ɗin, wato abin da ke buɗewa ya goga cikin diram ya tsayar da taya. In shu ya yi nesa da diram, duk man da masta ya turo zai ƙare ne wajen cike wannan gibin. Ɗaga tayar, ka juya ajosta, wato abin saita shu, har tayar ta kama, sannan ka sassauta kaɗan-kaɗan har ta juya da ɗan gogawa. Gwaji mai sauƙi: ja birkin hannu ka taka fedal, in ya taso sama to ka kama ɓarawon, shu na baya ne.

Sai iska. In ka cire masta ko ka bar ma'ajiyar man ta bushe lokacin aiki, dole a cire iskar masta shi kaɗai tukuna, a kan benci ya fi, a ɗaure shi a kwance daidai a mayar da ƙananan tiyo biyu cikin ma'ajiyar man ana tura fistin a hankali har kumfa ta daina fitowa. A jikin mota sau da yawa yana ɗan karkace ne, iskar sai ta maƙale a lungu ta ƙi fita. Bayan nan sai tayoyi, a mafi yawan motoci ana farawa da wadda ta fi nesa da masta a ƙare da ta kusa, sai dai in littafin motar ya ce wani abu daban. Mutum biyu, ɗaya ya danne, ɗaya ya buɗe nipul ya rufe kafin a saki ƙafa, kuma ido na kan mai kada ya sauka ƙasa, in ya sauka an koma gidan jiya.

Nan fa akwai abin da nake so ka kiyaye sosai. Tsohon masta ya shekara da shekaru fistin ɗinsa na yawo a ɗan gajeren wuri, gaba da wurin nan tsatsa da datti sun taru, to ranar bilidin sai a tura fedal har ƙasa, robar fistin ɗin ta bi ta kan tsatsar ta yage. Shi ya sa za ka ji an ce ai masta lafiyarsa ƙalau kafin a fara aiki, e ƙalau yake, bilidin ɗin ne ya kashe shi. Sa guntun katako a ƙarƙashin fedal ɗin kada ya kai ƙasa. In kuma ya riga ya faru, alamar ita ce wannan saukar a hankali ba tare da ka ga ɗigon mai ko'ina ba, amma leƙa tsakanin masta da sabo da kuma ƙarƙashin kafet, wani lokaci can yake zuba.

Duba kalifa ma, wato abin da ke matse fad a jikin faifan birki. Na hagu da na dama suna iya shiga wurin juna, noti ya ɗauru lafiya, amma nipul sai ya koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa. In nipul ba ya sama, an juya su ne, musanya kawai.

Tiyon roba da ya tsufa yana kumbura in mai ya matsa shi. Sa wani ya danne birki kai kuma ka riƙe tiyon a hannu, in ka ji yana buɗewa ko ka ga tsagewa a jikinsa canza su gaba ɗaya, ni ban ga amfanin ajiye tiyon da ba a san shekarunsa ba a motar da mutum zai ɗauki iyalinsa.

Maganar mai kuma, nau'o'in man birki na DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna shan danshi daga iska, don haka kada ka yi amfani da gwangwanin da aka daɗe da buɗewa, kuma suna cin fenti in sun zuba. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da su sam, yana riƙe ƙananan kumfa kuma fedal ɗinsa kan fi laushi, in shi ne a motar zuba a hankali kada ka girgiza. Wasu tsofaffin Citroën ma koren mai LHM suke sha, ka zuba musu DOT ka lalata robobin.

In duk ka bi waɗannan abin bai canza ba, kwance bututun da ke fita daga masta ka toshe ramukan da noti mai toshewa, ka taka a hankali. In ya yi tauri kamar dutse a sama, masta lafiya, matsalar na can ƙasa, sai ka riƙa mayar da layin ɗaya bayan ɗaya har ka ga wanda ya dawo da laushin. Girgiza tayoyin gaba ma ka ji ko boris ya yi sako-sako, don faifan da ke rawa yana tura fistin baya, takun farko sai ya tafi a banza.

Sabon fad da shu suna buƙatar ɗan lokaci kafin su zauna, amma wannan ɗan bambanci ne, ba fedal mai kaiwa ƙasa ba. Kuma ka tuna motoci da yawa na kafin ƙarshen shekarun 1960 layi ɗaya ne da su, wuri ɗaya ya yi yoyo birkin tayoyi huɗu ya tafi, saboda haka gwajin farko a fili za ka yi shi, a giya ɗaya, hannunka na kan birkin hannu.