Yadda za ki haɗa wa yaranki Sallah a Ingila har su san an yi Sallah

Sallarmu ta farko a Manchester na tashi da asuba na leƙa taga, layin namu tsit, motar kwasar shara na ta aikinta, maƙwabciyata ta fito da karenta, babu kabbara babu ƙamshin miya daga gidan kowa. Ni dai na daure, amma abin da ya tsaya min a rai shi ne 'yata da ta ce Mama wai yau ɗin ce Sallar? A gida wane yaro ne zai yi wannan tambayar, ai gari da kansa zai gaya masa. Nan kuwa in ba ke kika tashi tsaye kika haɗa ba haka ranar za ta wuce kamar kowace Talata. Dan haka 'yar uwa da kika zo kwanan nan, karatu ne ya kawo ki ko aiki ko maigida kika biyo, ga yadda muke yi.

Ki fara da ranar kanta. A gida kunne kawai muke kasawa mu ji sanarwar Sarkin Musulmi, nan kuwa bakin masallatai ba ɗaya ba ne, wasu Saudiyya suke bi wasu sai an ga wata a Birtaniya ko Maroko. Ƙaramar Sallar 2025 wasu Lahadi 30 ga Maris suka yi, wasu sai Litinin 31, a gari ɗaya fa. Ku zaɓi masallaci ɗaya tun farkon azumi ku bi shi har ƙarshe, kar ki tsaya jan magana a gurup. Kuma Sallah ba ranar hutun gwamnati ba ce a nan, cikin hutun shekara ake cirewa, sai ke da maigida ku nemi kwana biyu a jere tun saura wata guda, ku yi musu bayani cewa sai an ga wata ake tabbatarwa.

Makarantar yara imel za ki tura musu, ki ce ranar ibada ce. Suna da gurbinta a rajista, yawanci kwana ɗaya suke bayarwa a kowace Sallah. Dan Allah kar ki ce yaro ba shi da lafiya, babu dalilin yin ƙarya a kan abin da doka ta ba ki, kuma yaron yana ji. Inda ake samun matsala shi ne masu kwasar yara su tafi Sallah gida ana tsakiyar zango. Tun Agustan 2024 tarar fam 80 ce a kan kowane uba da kowace uwa a kan kowane yaro, in aka wuce kwana 21 ba a biya ba ta koma 160, kin ga mai yara biyu fam 320 kenan ban da kuɗin jirgi. Tafiya gida ki bar ta sai dogon hutu, ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba. Mai yaro ɗan jarrabawar GCSE, wato ta kammala sakandare, kuma ki duba jadawalinsa da wuri, a Mayu da Yuni ake yi, kuma ba a ɗagawa saboda Sallah.

Ɗinki kuwa kin san halin teloli da Sallah, balle kina wata ƙasa. Wata biyu kafin lokaci ki tura awo, ki auna yaran da tef ana kallon ki a bidiyo kol, ki ce a ƙara musu ɗan tsawo dan kafin kago ya iso sun ƙara girma. Yanzu da ƙaramar Sallah take faɗowa a Maris sanyi bai tafi ba, shadda da atamfa ba sa tare komai, ki saya musu rigar sanyi mai kama jiki su sa a ciki, da safa mai kauri. Jan lalle akwai shi a shagunan 'yan Pakistan na titin Wilmslow a Manchester, amma baƙin nan da ake haɗawa da sinadarin rinin gashi ki nisanta shi da hannun yara, yana ƙona fata.

Sai kayan girki. In wani zai taho daga gida kar ki ce ya riƙo miki kilishi ko dambun nama ko man shanu, nama da duk abin da aka yi da madara doka ta hana shigowa da su, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Abin da za ki roƙa shi ne garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, a ɗaure su da kyau a rubuta suna a jiki. Busasshen kifi an yarda har kilo 20, zuma kilo 2. Sauran duk akwai su nan sai dai sunan ya canza. Gero ki shiga shagon Indiyawa ki ce bajra, tsamiya ki ce imli, zoɓo a shagon 'yan Jamaika sorrel suke ce masa, shinkafar tuwo kuma ki nemi gajeriyar nan da Turawa ke dafawa da madara, tana tuƙuwa luƙwi. Miyar taushe da kabewar nan mai dogon wuya nake yi, da alayyahun firiza da niƙaƙƙiyar gyaɗar kwalba wadda ba a sa wa suga ba. Ƙullun waina ne ke ba da wahala saboda sanyi ba ya barin sa ya tashi, ki kwaɓa tun dare ki rufe ki ajiye kusa da hita, da safe za ki tarar ya cika roba.

Zakkar fidda kai ki tura gida da wuri a auna hatsi a bayar kafin a sauko Idi, ko ku bayar ta masallacinku.

Layya ce sai an nutsu. Ba a yanka rago a bayan gida ko a gareji a ƙasar nan, laifi ne babba, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita kuma mai lasisi ne zai yanka. Wajen mahaucin halal za ku ba da suna da kuɗi tun saura wata guda, kuma kar maigida ya ji nauyin yin tambaya. Ya tambaya yaushe za a yanka, dan sai bayan sallar Idi layya take zama layya. Ya tambayi shekarun ragon, dan yawancin naman da ke kasuwa a nan na 'yan raguna ne da ba su shekara ba, mu kuma a Malikiyya shekara guda aka sani, wasu mazhabobin suna karɓar mai wata shida in ya yi jiki, sai ku ji ta bakin malaminku. Sannan ku faɗa tun farko kuna son kai da ƙafa da kayan ciki. Mu shekarar farko ba mu faɗa ba, aka miƙo mana tsoka da ƙashi a leda babu hanta babu tumbi, da muka yi magana mahaucin ya ce ai ba ku ce ba. Kuma kar ki ɗora kasko ranar Sallah kina jiran nama, ƙa'idarsu sai naman ya yi sanyi zuwa digiri 7, kayan ciki digiri 3, shi ya sa sau da yawa sai washegari ko rana ta uku yake zuwa hannu. Mutane da yawa kuɗi suke turawa a yanka musu a gida, kuma gaskiya can aka fi buƙatar naman, ban ga laifinsu ba. Amma in da hali ku yi a nan ma ko da ɗaya ne, ni ina so yarana su tsaya a kicin su ga ana kasa nama, wannan na gida wannan na maƙwabta wannan na mabuƙata, su ɗauka da hannunsu su kai.

Ranar suya ki buɗe tagogi ki kunna fankar zuƙe hayaƙi ki rufe ƙofar kicin, in ba haka ba na'urar nan ta silin za ta ɗauki ƙara ta tara miki mutanen bene. Man suyar in ya huce ki juye a kwalba, kar ki zuba a sink zai daskare ya toshe bututu. In za ki kai wa maƙwabta abinci ki gaya musu in da gyaɗa a ciki, yajin ƙuli ma gyaɗa ce, akwai masu cutar da ko kaɗan suka ci sai asibiti.

Idi kuma ki daure ki je da yaran ko da jariri ne a goye. A Manchester ana yi a filin Platt Fields, a Birmingham akwai na Small Heath wanda masallacin Green Lane ke shiryawa, jama'a har inda ido ya ƙare, Somaliyawa da Larabawa da 'yan Bangladesh da namu kowa da irin shigarsa. In ruwa ya sauko akan mayar da shi masallaci a yi jam'i biyu ko uku, dan haka ki duba sanarwa da daddare. Ki tafi da leda mai faɗi ki shimfiɗa a ƙarƙashin darduma saboda ciyawar a jiƙe take, kuma ku hau bas in za ku iya, wajen fakin wahala ne. Kabbara tun daga gida ku fara ta da ƙarfi, maigida na ja yara na amsawa har a hanya.

Da yamma kar ku zauna ku kaɗai. Gida huɗu ko biyar ku haɗa kuɗi ku kama ɗan hol, ko ku taru a gidan mai babban falo, wannan ta kawo waina waccan ta kawo funkaso wata cincin da dubulan. Yara su bi manya ɗaya bayan ɗaya su durƙusa su ce barka da Sallah da Hausa, a ba su goron Sallah ko fam ɗaya ne. Ki yi wa gidan ado da fitilu da balan-balan, ki naɗe musu 'yar kyauta, dan yaran nan tun Nuwamba suke ganin ƙyale-ƙyalen Kirsimeti a kowane shago, kar su ɗauka namu bikin ba shi da armashi. Ki kunna musu bidiyon Hawan Daushe a YouTube ki nuna musu dogarai da 'yan lifidi. Kiran su Hajiya ki lura da agogo, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da Najeriya, sauran watannin suna gabanmu da awa ɗaya.

Kuma kafin ranar ki tambaya a masallaci ko a gurup waye ba shi da inda zai je. Akwai ɗalibai 'yan mata da samari da ke ɗaki ɗaya su kaɗai, akwai masu aikin kula da tsofaffi da ba a ba su hutu ba sai tara na dare suke tashi. Ki kira su da kanki, wanda bai samu zuwa ba ki zuba masa waina da miya da soyayyen nama a roba, maigida ya miƙa masa a hanyarsa ta mayar da baƙi.